Ƙwayar Goronyo da Ƙwayar Birni

Na taɓa haukacewa. Gara in faɗi da bakina tun farko, don in ban faɗa ba, duk wanda ka tambaya a unguwarmu ta Wurno zai faɗa maka, har ya ƙara da abin da ban yi ba. Ina da aure da yara ƙanana abin ya same ni. Nakan ji ana kirana daga cikin rijiya. Nakan ji mutane suna shawara a kaina a bayan danga, in leƙa in tarar ba kowa sai akuya. Dangi sunka kai ni wurin wani malami a wani ƙauye can bayan Rabah, anka sa mini mari a ƙafa. Na yi damina a can, na yi rani. Rubutu na sha shi har cikina ya ƙi karɓa. Ba addu'a nake zargi ba, ƙarfen nake zargi, don tabonsa na nan a idon sawuna har gobe.

Wani kawunmu, Allah shi jiƙan shi, shi ya fiddo ni ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na birni. Likita ya ɗora ni a kan wata ƙwaya fara, 'yar ƙarama, in sha kafin in kwanta. Muryoyin sunka yi shiru a hankali, kamar kasuwa tana watsewa. Na koma fadamata, na koma noman albasa, na aurar da ɗiyata ta fari da hankalina. Shekaru sunka tafi ban fasa ƙwayar ba. Bokona bai yi nisa ba, ban gama sakandare ba, amma na iya karanta kwalin magani, na kuma san ranar komawa asibiti ba sai an tuna mini ba.

Muna da babban wa, Yaya. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke da magana a gidan. Gonarmu daban, tukunyarmu daban, amma in ya ce haka za a yi, haka ake yi. Mutum ne mai kyauta, ban hana shi wannan ba. Sai dai tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinsa.

Wani rani munka kai albasa kasuwar Goronyo ni da shi. Kwana biyu ke nan ƙeyata tana sara, idona ya yi ja. Muna cikin ciniki na dafe kai na zauna a kan buhu. Yaya ya ce in tashi mu je a auna ni, don mahaifinmu hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ya yi shekaru a kwance muna juya shi. Munka shiga wani ƙaramin ɗakin shan magani kusa da kasuwa. Muna shiga, saurayin da ke aiki a wurin ya tashi daga kujera ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ya mutanen gida?"

Ashe yayan yarinyar da ɗan Yaya ke nema ne a Taloka. A lokacin an kai gaisuwa, ba a kai ga sa rana ba. Na ga Yaya ya gyara zaman hularsa.

Yaron ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa. Ya ce jinina ya hau ƙwarai, sai na fara shan magani kullum. Ya ɗauko biro, ya dube ni.

"Baba, akwai wani magani da kake sha yanzu? Ko wane iri ne?"

Na buɗe baki. Sai na ji takalmin Yaya a kan yatsun ƙafata, ya danna.

"Babu," in ji Yaya. "Wanga lahiyatai lau. Ko na ciwon kai ba shi sha."

Yaron ya yi aikinsa, ya tambaya. Babba ya ba shi amsa. A wurinmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban baƙo, balle a gaban suruki. Na haɗiye maganata. Ya ba ni ƙwaya ja, ya ce in sha kowace safiya, in rage gishiri.

Da munka fito, Yaya ya ja ni gefen wata rumfa.

"Kai mi ka so ka hwaɗi? So kake a ji Taloka akwai hauka gidanmu? Su hana yaro mata?"

"Tambayata anka yi, Yaya."

"To na amsa maka. Magani dai ba magani na ba? Wanga na jini, wancan na kai. Ina ruwan wani da wani?"

A lokacin ni ma haka na ɗauka. Jini daban, kai daban.

Ciwon ƙeya ya tafi, na ji daɗi. Amma wasu abubuwa sunka zo a madadinsa. Bakina ya riƙa bushewa kamar na tauna ƙaiƙayi. Fitsari ya yi yawa, ina cikin aiki sai na tsuguna bayan kara. Barci kuwa ko ina zaune ana hira sai in ji kaina ya yi nauyi. Wanda ya fi duka shi ne tashi. In na miƙe daga tabarma, sai duhu ya taso daga gefen idanuna ya rufe tsakiya, kunnuwana su yi ƙara, zuciyata ta riƙa bugu da sauri, gwiwoyina su zama kamar ba nawa ba. In na dafa bango na ɗan jira, sai ya wuce.

Aikin ban-ruwa kuwa duk duƙawa da tashi ne. Ka duƙa ka buɗe wa ruwa hanya ya shiga fangali, ka miƙe, ka matsa gaba, ka duƙa ka toshe. Ran da na fara faɗuwa, na miƙe ke nan da fartanya a hannu, ban san sa'ad da na kai ƙasa ba. Na farka fuskata cikin taɓo, ruwa yana bi ta wuyana, injin ban-ruwa yana ta ƙara shi kaɗai. Na wanke jikina a bakin tiyo na koma gida, ban gaya wa kowa ba. Na san abin da za a ce.

Sai azumi ya shigo cikin tsananin bazara. Na yi abin da kowa ke yi a garinmu: duk mai shan magani ya tara shi ya haɗiye da sahur, wai ya tsare shi yini guda. Na haɗa fara da ja na kora da kunu. Daga nan ba ruwa sai magariba, ga rana, ga fadama, ga fitsarin da bai daina ba. Jirin da yake zuwa in na tashi da sauri ya koma zuwa ko na tashi a hankali.

Ran wata Juma'a ina cikin sahu, masallaci ya cika har waje. Munka yi sujada, liman ya yi kabbara don tashi raka'a ta biyu, na miƙe tare da mutane. Duhun nan ya zo gaba ɗaya. An ce na faɗa kan bayan wanda ke gabana, na zame na bugi ƙasa da kafaɗa, ƙafafuna sunka ɗan yi karkarwa. Da na buɗe ido an sallame, fuskoki sun yi mini rumfa. Wani yana tofa mini addu'a a goshi, wani ya kama babban yatsana yana murɗawa, wani yana karatu da ƙarfi a cikin kunnena. Daga baya-baya na ji wata murya.

"Mutanen nai sun dawo."

"Ai dama ba su barin mutum. Hutawa sukai."

Na ce su ba ni wuri in sha iska. Ba wanda ya matsa. Na sake faɗa. Sai na ɗaga murya na ce, "Ku ba ni wuri, don Allah, ko kurame na ku!" Nan take sunka ja da baya, har wani ya taka wani. Kowa a garin nan yana da izinin yin fushi ban da ni. Mahauci ya zagi mutum a kan tsoka a ce zafin rai gare shi. Ni in na ɗaga murya, ciwo ya tashi.

Da yamma na lura matata ta kwashe wuƙaƙe daga inda suke. Laujena da ke rataye a bango ma babu shi. Matar nan ta zauna da ni lokacin da 'yan'uwanta sunka ce ta fita, ban manta ba. Amma abin ya soke ni.

"Ke, ina laujena?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya ya ce a ɗauke, Malam."

"Kin ji ina magana da wanda ba ki gani?"

"A'a."

"Kin ga na ƙi barci? Na ƙi wanka? Na ce an sa mini guba a tuwo?"

"A'a. Barci ma yawa ya yi maka."

"To mi kika gani?"

"Na ga kana faɗuwa. Ran nan ma a bayan ɗaki na ji ka, na yi kamar ban ji ba." Sannan ta ce, "Ni dai tun da ka zo da jar ƙwayar nan ban gane maka ba. Ka bar ta mana."

Ni ma tunanina ya riga ya kai can. Na san ciwona na da kamar yadda na san hanyar gonata. Shi da surutu yake zuwa, da tsoro, da rashin barci, kuma bai taɓa kayar da ni ƙasa ba. Wannan kuwa shiru ne da duhu, kuma ba ya zuwa sai na tashi tsaye. Amma barin jar ƙwayar da kaina ya ba ni tsoro, don ni na riƙa ɗaga mahaifinmu ana canza masa shimfiɗa. Farar kuwa likita ya gargaɗe ni tun farko kada in kuskura in yanke ta. Na tsaya a tsakani, ban san wadda zan saki ba.

Yaya bai tsaya a tsakani ba. Bayan kwana kaɗan ya kira ni zaure da hantsi. Na tarar da shi da wasu dattawan dangi biyu, kowa ya ƙi haɗa ido da ni.

"Mun yi shawara," in ji shi. "Ƙwayoyin nan na Nasara sun gaji. Ka bar su duka. Gobe mota za ta zo, mu kai ka wajen malam ka ɗan huta, a yi maka addu'a. Ba daɗewa za ka yi ba."

"Wancan karon ma haka kac ce."

"Kai, ka ji irin maganar taka. Don lahiyarka muka yi."

"Don lahiyata, ko don kada in hwaɗi gaban mutanen Taloka ran ɗaurin aure?"

Ɗaya daga dattawan ya ce, "Subhanallahi. Yayanka na fa."

Na san in na ƙara ɗaga murya na ba su abin da suke nema. Na kuma san in anka raba ni da farar ƙwaya anka sa mini ƙarfe, ba da jimawa ba muryoyin za su dawo da gaske, sannan kowa ya ce ai ga shi, dama mun faɗa. Sai na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina, na yi magana a hankali kamar mai lallashin jaki.

"Yaya, mota ta zo. Zan shiga da ƙafata. Abu guda na roƙa. A fara biyawa da ni wurin likitana na birni, kai ma ka shiga ka ji da kunnenka. In ya ce ciwon ne ya dawo, wallahi ni zan miƙa ƙafa a sa marin, ba sai an danne ni ba."

"In ya ce shi na, ba gardama?"

"Ba gardama. Ga shaidu."

Dattawan sunka ce ai wannan magana ce ta hankali. Ɗaya ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi tari. Yaya ya yarda, don ya tabbata shi ke da gaskiya. Ni ma na tabbata.

Washegari mota ta zo. Matata ta sa mini tabarma da 'yan tufafi a baya, idonta ya kumbura. Ni kuwa kwalaye biyu na sa a aljihu, na fara da na ja. A hanya ba wanda ya yi magana sai direba, shi ma da ya ga ba mai amsa masa ya kunna rediyo.

Ba ranar ganina ba ce, mun daɗe a kan benci kafin a kira mu. Likitan ya san ni shekaru. Ya tambaye ni ko ina jin muryoyi, ko ina barci, ko ina zargin wani da nufina da sharri. Na ce wanda nake zargi ga shi nan zaune, kuma ba a ɓoye yake yi ba. Likita ya yi dariya, Yaya bai yi ba. Na ba da labarin faɗuwar tun daga fadama har masallaci, sannan na ajiye kwalayen a kan tebur.

Ya ɗauki na jar ya juya shi. "Wannan tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Wanda ya ba ka ya san kana shan wannan?" Ya nuna farar.

Na juya na dubi Yaya, na bar masa tambayar, tun da shi ya saba amsa mini.

Yaya ya gyara murya. "Likita, wurin ne bai dace a yi maganar ba. Akwai surukai."

Likitan ya ajiye kwalin. Ya sa na kwanta a kan gado, ma'aikaciya ta auna jinina ina kwance. Sannan ya ce in tashi tsaye, ya ce wa Yaya ya tsaya kusa da ni. Na miƙe. Duhun ya zo kamar an kira shi, na ji hannun Yaya ya cafke ni a hammata. Anka sake aunawa ina tsaye ina lilo. Likita ya juyo da abin awon ya nuna wa Yaya, ko da yake Yaya bai san mi lambobin ke nufi ba.

"Alhaji, ka gani da idonka. Yana kwance jininsa daidai. Ya tashi, ya faɗi ƙasa warwas. Ƙwayar da nake ba shi dama takan sassauta jijiyoyin jini, ita kaɗai tana iya sa jiri. Wannan ja kuma aikinta ta sauke jini, tana kuma fitar da ruwan jiki ta fitsari. An haɗa su lokaci guda, ga zafi, ga azumi, ga aikin rana. In ya miƙe, jini ba ya isa kansa da wuri, sai ya faɗi. Ko kai na ba ka su haka, sai ka faɗi a sahu."

"To ba ciwon na ba?" in ji Yaya.

"Ba shi ba ne. Hankalinsa ya fi na wasu da ke yawo a waje. Amma da kun raba shi da farar, da kun ga ciwon."

Anka manna mini wayoyi a ƙirji anka duba bugun zuciya, anka ɗebi jini, don ya ce haɗin yakan taɓa zuciya ma a wasu mutane. Hawan jinin gaskiya ne, ya ce, ba za a bar shi ba magani ba. Ya canza mini jar da wata, ya fara da kaɗan, ya raba musu lokaci. Ya ce in riƙa shan ruwa sosai, in zan tashi in fara zama tukuna, in dawo a sake aunawa ba da daɗewa ba. Batun azumi ya ce a ganinsa in dakata har jikin ya daidaita, in tambayi malamai yadda ake ramuwa. Ya ce daga yau duk inda za a ba ni magani, ko na tari ne, in fiddo kwalin farar in ajiye a gaban mai bayarwa, ko surukin wa ne.

Munka fito. Rana ta yi tsaka, Yaya yana tafe a gaba da sauri, ni ina biye a hankali, ban yi niyyar faɗuwa a ƙofar asibitin mahaukata ba. A cikin mota ya zauna gaba, ni a baya. Mun bar gari sosai kafin ya yi magana, kuma bai waiwayo ba.

"Ni dai rufin asiri na nema."

"Na wa?"

Ban sa ran ya ba ni haƙuri ba, a gidanmu babba ba ya ba ƙarami haƙuri, sai dai ya aiko masa da nama. Direba bai san abin da anka yi a ciki ba, shi dai an yi da shi zai kai mara lafiya ƙauye. Da munka kusa mararraba ya rage gudu, ya dubi Yaya.

"Alhaji, Rabah muka yi ko?"

Na zuba wa ƙeyar Yaya ido. Na ga ya cire hula ya share zufa ya mayar. Wata babbar mota ta yi mana ham daga baya.

"Wurno," in ji shi. "Kai mu gida."